Katin Zaɓen Bienvenido Almonte

Duk unguwarmu, daga gadar ƙarfe har tsohuwar masaƙa, babu wanda bai san Don Nicanor Almonte ba, kuma babu wanda bai ji daga bakinsa cewa tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa cutarsa ba. Gaskiya yake faɗa, ko abin da ya yi kusa da ita. Mutumin da ya fara saran rake a ƙasarmu Dominika yana ɗan shekara tara, ya ga zamanin da ake ɓatar da mutum don ya yi tari a gaban hoton shugaba, ya kwana huɗu a teku cikin kwalekwale da mutum talatin da jarkar ruwa ɗaya kafin ya taka ƙasar Amurka, wane ɗan boko ne zai zo ya yi masa wayo? Irinmu ba a aji aka dafa mu ba, rana ce ta dafa mu.

Makaranta kam ko ƙofarta bai taɓa leƙawa ba. Sa hannunsa zane ne da ya haddace, kamar yadda ake haddace hanyar gona. In aka miƙo masa takarda sai ya shafa aljihun ƙirji, ya ce, "Kash, na baro tabarau a gida." Shekara arba'in tabarau ɗin nan yana gida. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa ya same ta tuni, da aka yi masa tambayoyi da baki cikin harshensa irin yadda ake yi wa tsofaffi, kuma in ka biye masa zai gaya maka alƙalin ma sai da ya tashi tsaye don girmamawa.

Aikinsa kula da wani bene mai hawa huɗu: shara, gyaran famfo, da tukunyar dumama gida da ke ɗakin ƙasa. A ɗakin ƙasan nan yake ɓoye da abin da ya fi so bayan 'yarsa, wato wani jan zakara mai ido ɗaya. A shagon masu yanka kaji ya gan shi, ya ga tsayuwarsa irin ta zakarun faɗa na gida, ya fanshe shi wuƙa na wuyansa, ya raɗa masa Bienvenido. Dokar gari ta hana ajiye zakara. Amma mutanen benen duk 'yan gida ne, 'yan Dominika, in mai duba gidaje ya ji cara ya tambaya, sai su ce agogon tsohuwar hawa na biyu ne.

'Yar tasa, Yocasta, shekararta arba'in da shida, aikinta jinyar tsofaffi gida-gida. Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da koren kati na izinin zama, ko tarar ajiye mota ba a taɓa cin ta ba. Ta nemi zama 'yar ƙasa, ta manna tambayoyin jarrabawa ɗari a jikin firji, tana tuya tana haddacewa. Ranar ganawa kawai take jira.

Wata Asabar da hantsi Don Nicanor yana buga wasan domino a ƙofar kantin unguwa tare da amininsa Don Eladio, tsohon direban tasi, sai ga wata akori-kura ta tsaya. Wani saurayi mai jan nektai ya sauko, ya kafa ɗan teburi, sannan ya janyo bunsuru daga bayan motar. Bunsuru sosai, mai rai, yana kuka a tsakiyar titin Amurka.

"Iyayena, ku matso!" in ji saurayin, da harshen gida tsantsa. "Kyauta ce ta bikin ƙasarmu. Ƙuri'a za a jefa, wanda sunansa ya fito ya tafi da shi. Ko sisi ba a biya. Bunsurun Montecristi ne, wanda ya tashi da cin ganyen ƙamshi na daji, namansa da kayan yajinsa yake zuwa."

Montecristi kuwa nan aka binne cibiyar Don Nicanor. Ya kife domino ya tashi.

"Zauna, tsoho," in ji Don Eladio. "Bunsurun Montecristi da wace biza ya shigo?"

"Kai dai tuƙi ka sani. Bari masu abu su duba."

Ya duba kuwa. Ya buɗe bakin bunsurun ya ƙirga haƙora, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya matsa ƙirji, ya shinshina wuya. Ba a taɓa yi wa dabba binciken da aka yi wa wannan ba. Ya miƙe ya yanke hukunci: ba ɗan Montecristi ba ne, amma lafiyayye ne, ba algus. Shi ya fara sa hannu, mutane suka yi layi a bayansa, don in Don Nicanor ya ce ba algus, magana ta ƙare. Takardun da ake sa wa hannu kuwa suna maƙale a allo, an naɗe samansu zuwa baya, abin da ya fito fili layin suna ne, da adireshi, da ranar haihuwa, da wurin sa hannu. Su ba wanda ya duba musu haƙora.

Ana cikin haka Yocasta ta zo wucewa da jakar cefane.

"Zo nan, 'yar baba, sa sunanki."

"Baba, lauya ta ce kada in sa hannu a komai sai na gama ganawa."

"Lauyar ta taɓa cin farfesun bunsuru? Ni na duba abin nan da hannuna. Ko kin taɓa jin an cuci ubanki?"

Ta yi dariya, ta ajiye jaka, ta rubuta, ta wuce don kada kifinta ya yi ɗumi.

Saurayin ya ce, "Baba, ba wani kuma a gidan? Ko ɗan haya, ko baƙo. Yawan suna, yawan sa'a."

To a ƙauyen su Don Nicanor akwai al'ada. Ba a shiga ƙuri'a a bar zakaran gida a baya, domin sa'a ta dabba ce, mutum raɓa yake yi. Ubansa ya taɓa cin keke da sunan zakara.

"Akwai Bienvenido," in ji shi. "Rubuta, Bienvenido Almonte."

"Ranar haihuwa?"

"Ashirin da bakwai ga Fabrairu, ranar 'yancin ƙasarmu. Jarumi ne."

"Shekara fa?"

"Saurayi ne kamarka, sa abin da ka ga dama. Ba ya son fita, ni nake sa masa hannu."

Ya karɓi biro ya zana ƙafar zakara, yatsu uku gaba, ɗaya baya, har da ƙaho. Saurayin ko kallo bai yi ba, ya zare takardar ya tura ƙasa. Da azahar ya ɗora bunsuru a mota, ya ce sati mai zuwa za a jefa ƙuri'a. Sati ya zo ya wuce da ƙannensa huɗu.

Ran wata Talata da rana Don Nicanor yana ɗakin ƙasa yana ba Bienvenido masara, sai ya ji takun Yocasta a matakala. Ba ta yi sallama ba. Ta miƙo masa wani ɗan kati.

Ya shafa aljihu. "Tabarau..."

"Katin zaɓe ne, Baba. Da sunana. Takardar bunsurun nan ta rajistar zaɓe ce. A saman da aka naɗe akwai inda ake rantsuwa cewa mutum ɗan ƙasa ne, wani ya cike min shi."

"To ai an girmama ki ne. Sun ga kin kusa, suka..."

"Baba!" in ji Yocasta. "Saura kwana goma sha shida ganawata. Za su tambaye ni ko na taɓa rajistar zaɓe, ko na taɓa cewa ni 'yar ƙasa ce. In na ce a'a na yi ƙarya, ga sunana a littafinsu. In na ce e, na amsa laifi. Ba hana ni takarda kaɗai za su yi ba, koren katin ma za su iya ƙwacewa su sa ni a jirgi."

Don Nicanor da ya ga teku ta haɗiye mutum yana tsaye da ƙafarsa, ranar sai da ya nemi bokiti ya kife ya zauna.

Washegari suka je wurin lauyar, wata 'yar siririya mai suna Cepeda da ke taimakon baƙi a ofishin coci. Ta ce ta san irin wannan. Akwai masu biyan yara bisa yawan sunayen da suka kawo, yaran kuma ba ruwansu da wanda zai ƙone. Masu koren kati suka fi nema, don sun san ba za su kai ƙara ba.

"Zan rantse," in ji Don Nicanor, yana dukan ƙirji. "Ni Nicanor Almonte, ɗan ƙasa, zan gaya musu bunsuru ne."

"Ranka ya daɗe, kai ubanta ne. Kowane uba haka zai ce. Abin da nake so shaida ce da za ta nuna duk wanda ya sa hannu a teburin nan bai san rajista yake yi ba. Ka kawo min mutum biyar cikin waɗanda suka sa hannu."

"Biyar? Ashirin zan kawo miki kafin la'asar."

Ko ɗaya bai kawo ba. Kwana uku yana hawa bene yana sauka. Waɗanda katin ya zo musu wasu sun ƙona, wasu sun tura ƙarƙashin katifa. Matar da ya gyara wa famfo sau goma ta yi masa magana ta bayan ƙofa: "Don Nicanor, ni ban taɓa ganin bunsuru ba a rayuwata." Saurayi mai jan nektai ya bi iska. Bunsurun ma ashe haya aka ɗauko shi daga wurin wani mahauci, kuma tuni an ci shi a bikin wasu.

Ranar Lahadi bayan coci Don Eladio ya sauko ɗakin ƙasa kamar yadda ya saba. Shi kaɗai Don Nicanor ya yarda ya san sirrin tabarau. Duk wasiƙar da ta zo sai a tara ta a gwangwanin biskit, ran Lahadi Don Eladio ya karanta, a biya shi da kofi da zagi.

"Wannan ta wuta ce. Wannan masu sayar da kabari ne, sun san lokacinka ya yi. Wannan kuwa..." Ya kawo takardar kusa da ido, ya nisantar. Sai ya fashe da dariya har kofi ya zube masa a wando.

"Me ye, ɗan banza? Gidana na ci da wuta kana dariya?"

"Mutumina, tashi ka gai da manya!" Ya nuna zakaran da ke tsaye kan bututu. "Ga Bienvenido Almonte, ɗan shekara talatin da ɗaya, ɗan ƙasar Amurka, mai katin zaɓe. Rumfarsa tana makarantar firamare. Ya riga 'yarka!"

Don Nicanor bai yi dariya ba. Ya karɓi katin yana juya shi. Karatu ne bai iya ba, amma lissafin duniya a tafin hannunsa yake.

"Eladio, wanda ya san rajistar zaɓe ake yi, zai sa zakaransa?"

Dariyar ta tsaya. "Mahaukaci kaɗai."

"To ga shaidar lauya."

"Tsaya, tsoho. Kati kaɗai ba zai yi ba, za su ce wani ɗan'uwanka ne da ya koma gida. Sai ka kai shi gabansu da gashinsa. In ka kai shi kuwa ka san ba zai dawo ɗakin nan ba. Sannan za su tambaye ka, kai da ka sa hannu sau biyu, me ya hana ka buɗe takardar ka karanta? A gaban 'yarka. Me za ka ce, tabarau?"

Don Nicanor ya dubi zakaran, zakaran ya dube shi da idonsa ɗaya. Shekara huɗu suna karyawa tare.

"Ƙara min kofi," in ji shi. "Ka cika surutu."

Ranar Talata da ƙarfe goma ya sa farar rigarsa mai aljihu huɗu da hular kaba, ya shafe ƙafafun Bienvenido da mai, ya rungume shi a hammata irin riƙon masu zakara na gaske, kai gaba, jela baya. Lauya Cepeda na gefe, Yocasta na gefe, Don Eladio na biye wai shi ɗan kallo. A ƙofar ofishin rajista mai gadi ya tare su, ya ce ba a shiga da dabba.

"Gaya masa," in ji Don Nicanor ga lauyar, "wannan ba dabba ba ne, mai zaɓe ne. Ga katinsa. Su suka aiko masa."

Mai gadi ya karanta kati, ya dubi zakara, ya sake karanta kati. Ya ɗauki waya.

Shugabar ofishin wata dattijuwa ce baƙa mai furfura, da alama ta ga abubuwa a duniya, amma ba ta ga wannan ba. Ta sa aka nemo takardun asali, aka baje a teburi. Ga ta Yocasta, ga ta Bienvenido, ga wasu talatin da shida da aka kawo rana ɗaya. Kowace da karyewar naɗi a wuri ɗaya. Kowace an cike ƙasanta da baƙin biro, amma alamar rantsuwar da ke sama da shuɗi aka yi, hannu ɗaya. A ƙasan ta Bienvenido kuwa ga ƙafar zakara, yatsu uku gaba, ɗaya baya.

Don Nicanor ya ɗora zakaran a kan teburi, ya kama ƙafarsa ya ajiye kusa da zanen. "A gwada," in ji shi. "Ni ba na ƙarya."

Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa, wata ta toshe baki da fayil. Shugabar ta cire tabarau ta goge ido. Da ta natsu sai ta yi tambaya, lauya ta fassara.

"Ta ce, ranka ya daɗe, kai ka ja mutane suka sa hannu. Me ya sa ba ka warware takardar ka karanta ba?"

Hannunsa ya tafi aljihun ƙirji da kansa, kamar jakin da ya san hanyar gida. Ya kai rabi, ya tsayar da shi. Ya cire hula ya riƙe.

"Gaya mata ban iya ba. Ko harafi ɗaya, ko da harshenmu. Bunsurun na duba, don shi na iya dubawa. 'Yata ta ce ba za ta sa hannu ba, ni na sa ta, don ta yarda da ni. In akwai wanda za a sa a jirgi, ga ni, teku ma ta san ni."

Bai yarda ya dubi Yocasta ba. Ita ce ta matso ta gyara masa wuyan riga.

"Baba, tun ina 'yar shekara bakwai na sani. Ranar da ka yaba min sakamakon jarrabawa ka riƙe shi a kife."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ai sifili na ci a lissafi."

Daidai nan Bienvenido ya miƙe wuya, ya buga fiffike, ya yi carar da ya shekara huɗu yana yi a ɓoye, har aka ji ta a hawa na uku.

A ranar aka soke rajistar Yocasta, aka ba ta wasiƙa mai hatimi cewa yaudararta aka yi, kuma ita ta kawo kanta. Da labari ya zaga unguwa, masu katin ƙarƙashin katifa suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, har da wadda ba ta taɓa ganin bunsuru ba. An ce an kama mai jan nektai a wani gari yana yawo da talo-talo. Bienvenido kuwa masu kula da dabbobi suka zo da keji. Don Nicanor bai bari sun taɓa shi ba, da hannunsa ya sa shi, ya gaya musu ba ya cin masarar da ba a jiƙa ba. Aka kai shi wata gona a bayan gari.

Ranar ganawa Yocasta ta shiga ƙarfe tara, tsohon yana zaune a waje yana murza hula. Da jami'in ya zo kan tambayar nan ta ce e, ta miƙa wasiƙa. Ya karanta sau biyu, ya fita da wasiƙar, ya daɗe. Da ya dawo ya ce sai sun bincika, ta je ta jira amsa. Sati bakwai ana jira, sati bakwai ba wanda ya ji Don Nicanor ya yi cika baki, har mutane suka fara tambaya ko ba shi da lafiya. A na takwas takardar amincewa ta zo. Ranar rantsuwa tsohon ya shiga da farar rigarsa, ya yi tafin da sai da aka ce ya zauna.

A bakin zauren an kafa teburin rajistar zaɓe na gaskiya don sababbin 'yan ƙasa. Yocasta ta ɗauki takarda za ta cike, ya dafe hannunta.

"Karanta min. Tun daga sama."

Ta karanta masa kaf, layi-layi, mutane na jira a baya suna tsaki. Da ta gama ya karɓa, ya juya bayanta, ya ɗaga ta a hasken taga ya duba ko akwai naɗi, ya shinshina.

"Ba algus," in ji shi. "Sa hannu."

Yanzu duk Lahadi ta farkon wata yana hawa bas ya je gona da jiƙaƙƙiyar masara a leda. Ya ce Bienvenido ya samu kaji goma sha biyu, kuma duk zakarun gonar sai sun sunkuya in ya wuce. Domino kuwa yana nan yana bugawa a ƙofar kanti, bakin nan ya dawo har ya fi da.

"Amma dai ka yarda an cuce ka sau ɗaya," in ji Don Eladio rannan, yana ajiye ɗan domino.

"Ni? Wa aka kama, ni ko mai nektai? Wa 'yarsa ke da fasfo?" Ya buga nasa a teburi har sauran suka yi tsalle. "Kuma duk cikinku, ku masu karatu, wa zakaransa ya taɓa ba da shaida a ofishin gwamnati? Buga wasa, direba."